Hanyar da Ba Ta da Takarda

Ojo Blanco,
4 ga Maris, 1956.

Zuwa ga matata Porfiria,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kin sauka Albuquerque lafiya, jirgin ƙasa bai tayar miki da ciwon ƙugu ba. Yaya 'yarmu Delfina da nauyin jiki? Ki gaishe ta da kyau. Ki gaida mijinta Fermín, ki ce masa ya rage tsoro, ba shi ne zai haihu ba. Ni ina nan lafiya, sai gwiwar nan ta hagu da kika sani.

Shekara talatin da takwas da aurenmu, yau ne na fara rubuta miki wasiƙa da hannuna. Idan kin ga layi ya karkace, teburin ne yake rawa. Malama Benigna ta ce a ajinmu na yamma na yaƙi da jahilci in riƙa rubuta magana yadda nake faɗinta, to haka zan yi.

Shanu sun fara haihuwa, maruƙa goma sha ɗaya zuwa yau. Har yanzu babu ruwan sama. Famfon iska mai jawo ruwan rijiyar kudu ya tsaya, na hau na gyara shi, kada ki yi faɗa.

Ranar Alhamis mun yi baƙi, sojoji uku a cikin jif. Babbansu wani Kyaftin Hollis ne, yaro mai ladabi, bai fi sa'an Fermín ba. Tun daga nesa na ga ya sauko ya rufe ƙyauren shinge bayan sun wuce, wannan ya sa na ga mutuncinsa. Na zaunar da su, na ba su kofi da wake da jan barkononki. Ɗayansu ya yi hawaye har a riga, amma ya cinye.

Da suka gama sai kyaftin ya shimfiɗa taswira a kan tebur. Ya ce suna son fili don gwajin rokoki, tun daga babban titi har gindin dutse. Kin ga ke nan gandunmu yana ciki, na maƙwabcinmu Orval Tibbs ma yana ciki, da na wasu gida shida. Na ce masa nawa ba na sayarwa ba ne, ubana yana kwance a bayan gidan nan, ni ma nan zan kwanta. Bai yi musu ba.

Sai ya tambaye ni hanyar da suka biyo ta cikin gandun Orval, ta wace ce, kuma ina takardarta. Na yi dariya. Na ce masa tsakaninmu da gidan Tibbs babu takarda. Ubana da uban Orval ne suka yi musabaha a kan wannan hanya shekara arba'in da shida da suka wuce, tun daga ranar muke wucewa, ko sau ɗaya ba a taɓa ce mana daga ina ba. Na ce ya je ya faɗa wa manyansa a nan ƙasar maganar mutum ita ce takardarsa. Ya ce abin sha'awa ne ƙwarai, har ya rubuta a ɗan littafinsa. Na ji daɗi da ya rubuta, a can ma su san irin mutanen da muke.

Ki riƙa cin abinci. Kajinki suna nan, babu wadda ta ɓace.

Mijinki,
Nicanor Baca.

*

Ojo Blanco,
25 ga Maris, 1956.

Tsohuwata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, na samu wasiƙarki, na karanta ta ni kaɗai, sau uku. Na gode Allah da ƙafafun Delfina suka daina kumburi. Kin tambaye ni ko ina sauya riga. Ina sauyawa.

Ki zauna kafin ki karanta sauran. Na yi wauta, kuma gara ki ji daga bakina.

An yi taro a makarantar Vallecito, sojoji suka yi mana bayani. Sun ce a bana gwamnati ba ta ba su izinin ƙwace ƙasar kowa ba, sai wanda ya yarda da kansa za su saya. Mutane suka yi ta tafi, ni ma na tafa. Da muka fito sai na lura kyaftin bai ko kalli wajena ba. Wajen Orval ya nufa, ya cire hula, yana tambayar jikin Hazel matarsa. Daga baya na ji ya je gidansu har sau uku, ni kuwa bai sake zuwa nawa ba.

A kan hanyar komawa gida abin ya faɗo mini. Kin san bayanmu dutse ne, ko akuya ba ta hawansa. Mafitarmu ɗaya ce, mil ukun nan da suka ratsa gandun Orval. Idan ya sayar, sojoji za su ja waya su rufe. Ta ina zan fitar da maruƙa kasuwa? Ta ina za ki je coci? Ba sai sun ƙwace mana komai ba, da ƙafata zan je in roƙe su su saya. Kuma ni ne na nuna musu inda ƙofar take, ina zuba musu kofi, ina alfahari.

Na je wajen lauya a gari. Ki ji irin dokar da muke ciki. Ya ce da a ce da ƙarfi muke ratsa gandun, mai shi yana hana mu muna ƙi, har shekara goma, da yanzu doka ta ba mu hanyar. Amma tunda da izini da zumunci muke wucewa, ba mu da komai. Na ce masa wato da mun kasance marasa kunya da mun tsira? Ya ce haka yake. Mafita ɗaya ce, Orval ya sa hannu a takarda cewa hanyar haƙƙinmu ce, tun kafin ya sayar.

Kin san abin da wannan yake nufi a wajenmu. Ka ce wa maƙwabci ya rubuta maka abin da ya riga ya faɗa, daidai yake da ka kira shi maƙaryaci a gaban matarsa. Kwana huɗu ina juya abin. A ƙarshe na zauna na rubuta takardar da kaina, don kada ta zama ta lauya. Sai a karo na uku ta fito babu gogewa.

Na samu Orval yana gyaran sirdi a bakin rumbu. Ya ce, "Tsohon alfadari, wa ya mutu ka sa farar riga ranar Talata?" Na miƙa masa. Ya sa tabarau, ya karanta a hankali har ƙasa, ya ninke ta, ya mayar mini a aljihun rigata da hannunsa. Ya ce, "Nick, shekara biyu kana zuwa makaranta da furfurarka, ina kare ka idan ana yi maka dariya a shagon aski. Ashe abin da za ka fara rubutawa shi ne ba ka yarda da ni ba." Na ce ba shi nake tsoro ba, wanda zai zo bayansa nake tsoro. Ya ce, "Na ce maka zan sayar?" Na ce, "Ka ce mini ba za ka sayar ba?" Ya koma kan sirdinsa. Can ya ce in rufe ƙyaure idan na fita. Ko kofi bai ce in sha ba, abin da bai taɓa faruwa ba.

Ba na ganin laifinsa idan ya sayar, Porfiria. Ƙasarsa ce, kamar yadda tawa take tawa. Zuciyar Hazel tana buƙatar likita a kusa, daga nan zuwa asibiti kuwa tafiyar awa biyu ce. Babban ɗansa bai dawo daga yaƙi ba, ƙaramin yana California, ya ce ko a hoto ba ya son ganin saniya. Mutum mai shekara saba'in wa zai riƙe wa gandu? Ni da nake cewa babu mai tilasta mini in sayar, da wane baki zan ce shi dole ya riƙe?

Kada ki faɗa wa Delfina sai ta sauka lafiya.

Naki,
Nicanor.

*

Ojo Blanco,
14 ga Afrilu, 1956.

Kakar Casilda,

Kin ga sabon sunanki? Ina gaishe ki, ina gaida mai jego, ina gaida uban da aka ce ya zauna a ƙasa da ya ji kukan farko. Yaya jikin Delfina? Tana samun barci? Yarinyar tana kama nono sosai? Ki rubuto mini komai, har yawan gashin kanta.

Ina cikin garke mai kawo wasiƙu ya tsaya yana ta danna oda, yana ɗaga takardar waya. Na karanta da kaina: mace, lafiya lau, uwa da 'ya. Na sake karantawa da ƙarfi, shanu suka juyo suna kallona. Porfiria, na yi rawa. Ni da gwiwar nan, a tsakiyar kashin shanu, mai wasiƙa yana tafa mini. Na ba shi rabin naman da na shanya. Ranar Lahadi na kunna kyandir biyu a coci, na tsaya a bakin ƙofa ina faɗa wa duk wanda ya fito, har waɗanda na riga na faɗa wa da suna shiga. Fada, limamin cocin, ya ce in bar wa gobe saura. Shekara tara muna jiran wannan yarinya. Allah Ya raya ta, Ya sa ta gaji haƙurinki, kada ta gaji hancina.

Na zaɓar mata karsanarta kamar yadda ake yi wa kowane jariri, 'yar jar saniyar nan mai farin goshi. Ranar buga wa maruƙa lamba da ƙarfe mai zafi zan sa mata alama ta daban, duk abin da ta haifa na Casilda ne. Kafin ta isa aure ta tara garke, idan akwai inda za a yi kiwonsa.

Wannan "idan" ɗin shi ne sauran labarin. Gida huɗu sun sa hannu. Jiya na ga motocin gidan Gallegos sun wuce da gadaje da murhu a sama, tsohuwar tana zaune a baya riƙe da tukunyar furenta. An ce an ba Orval zuwa ƙarshen Mayu ya ba da amsa. Tun ranar nan ba mu yi magana ba. Mun haɗu a hanya sau biyu, ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari, ni ma na ɗaga ɗaya. Na aika wa Hazel labarin haihuwar ta bakin mai wasiƙa. Ta aiko da 'yar hula da ta saƙa, ga ta nan a cikin ƙunshin. Daga shi babu ko kalma.

Kyaftin ya zo shekaranjiya, ya yi mini barka, ban san inda ya ji ba. Ya ajiye takardar sayarwa a kan tebur, ya ce ba gaggawa, amma farashin wanda ya zo da wuri ba ɗaya yake da na wanda ya zo a makare ba. Na ba shi kofi, don baƙo baƙo ne. Wannan karon dai na kama bakina, sai zancen fari muka yi.

Zan faɗa miki gaskiya, na ɗauki alƙalami sau ɗaya na riƙe. Na ce ko in sa hannu mu koma kusa da jikarmu, in riƙa zama a baranda ina kallon motoci. Sai na ga ban san abin da zan nuna mata a can ba. Ban iya komai na birni ba. A nan ne na san wace ciyawa ke kashe saniya, da inda ruwa yake kwana a ƙarƙashin yashi. Na mayar da alƙalamin. Takardar tana nan, ban sa hannu ba, ban kuma yaga ba.

Za mu buga wa maruƙa lamba ranar biyar ga Mayu. Tun muna samari Orval ne yake jefa mini igiya, ni ma nake jefa masa. Ba a gayyatar maƙwabci wannan aiki, faɗa masa rana kawai ake yi. Na sa an faɗa masa. Ban sani ba ko zai zo.

Ki sumbaci tafin ƙafarta a madadina.

Kakanta,
Nicanor.

*

Ojo Blanco,
13 ga Mayu, 1956.

Porfiria, tsohuwata,

Ina fatan wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ke da Delfina da Fermín da 'yar sarauniyarmu. Na samu hoton. Hancin nawa ne, ba yadda za mu yi. Na jingina shi da gwangwanin sukari, muna karyawa tare kowace safiya.

Ki yi haƙuri da jinkirin wasiƙa. Na ƙi rubutawa ne sai abin ya tabbata. Yanzu ki ji.

Ranar buga lamba mutum biyar suka zo, a da kuwa mukan kai ashirin. Mun hura wuta, ƙarafa sun yi ja, babu Orval. Har mun kayar da maruƙa goma sai ga shi a kan dokinsa, ya shigo garke bai gaida kowa ba, ya warware igiya. Kin san hannunsa. Shekara saba'in, amma bai jefa ta faɗi banza ba sai sau biyu. Awa huɗu yana jawo maruƙa ina ɗora musu ƙarfe, abin da ya haɗa mu kawai shi ne "riƙe" da "saki".

Da aka zo kan 'yar ja mai farin goshi, na ɗauko sabon ƙarfen da na sa maƙeri ya yi. Orval ya dube shi ya ce na wane ne. Na ce na jikata. Ya tofar da yawu ya ce, "Shekara tara kana damun mu da addu'a, ta zo kuma ka tarbe ta da karsana ɗaya mai ƙafafu kamar na kujera? Kai dai rowa a jininka take." Na ce idan yana da wadda ta fi ta, ai garkensa ba nisa. Ya ce, "Shanuna na mutanen kirki ne. Ranar Litinin ka sa farar rigar nan taka ta masu ilimi, ka same ni a ofishin magatakardan gunduma. Ka zo da sunan yarinyar cikakke, ni ba na iya rubuta sunayenku masu wutsiya." Ya ci nama, ya sha kofi kofi biyu, ya hau doki ya tafi.

Ranar Litinin na same shi a can, shi da Hazel, ta yi kwalliya kamar za ta biki. Ashe tun mako biyu da suka wuce ya sa an auna hanyar, tun daga shingenmu har babban titi, mil uku, faɗin taku ashirin. Ya yanke ta daga gandunsa. Ba izinin wucewa ya bayar ba, ƙasar ce ɗungurungum ya bayar kyauta. Magatakarda ya nuna mini inda aka bar fili a jikin takardar, ya ce in rubuta sunan mai ita. Na rubuta Casilda Montoya Baca. Ko harafi ɗaya ban ɓata ba. Orval ya sa hannu, Hazel ta sa, aka buga hatimi.

Da muka fito na juya wajen Orval. Na ce masa ai wannan ita ce takardar da na roƙe shi ya ƙi. Ya ce, "Ba ita ba ce. Kai ba zan taɓa ba ka takarda ba, kana da maganata, idan ba ta ishe ka ba ka mutu da yunwa. Ita kuwa yarinyar ba ta san ni ba, kafin ta yi wayo na daɗe a ƙasa. Ita ce mai buƙatar takarda." Hazel ta ce mini a gefe kwana uku ya yi yana zagina kafin ya samo wannan dabarar, ita kuma ta bar shi yana ganin shi ya samo ta.

Lauya ya ce abin ya fi yadda muka zata. Dukiyar jariri ba mai sayar da ita, ko ni, ko uwarta, ko ubanta, sai alƙali ya zauna ya tabbatar amfaninta ne. Sojoji kuwa ba sa harba roka ta saman hanyar da mutane suke bi.

Kada ki ɗauka kyautar ba ta ci masa komai ba. Hanyar ta raba gandunsa biyu. Kyaftin ya ce yanzu ɓangaren gabas kawai za su saya, sun ja layinsu baya, na yamma ba shi da amfani a wajensu. Wato Orval ya rasa kusan rabin abin da zai samu, kuma ya san haka tun kafin ya sa hannu. Gidan da suka so saya kusa da asibiti ya fi ƙarfinsu yanzu, ƙarami za su kama. Na ce zan karɓi ɓangaren yamma haya in riƙa kiwo a ciki. Ya ce sai ya yi tunani, don bai saba hulɗa da mutanen da ke yawo da takarda a aljihu ba. Jiya dai ya aiko a faɗa mini in gyara shingen wajen, tunda ni zan yi amfani da shi.

Kyaftin ya zo ya karɓi takardarsa. Bai ɓata rai ba. Ya ce in sani wata shekara gwamnati tana iya ba su izinin ƙwacewa, ranar kuwa hatimin gunduma ba zai tsayar da su ba. Na ce na sani. Idan ranar ta zo, sai su je gaban alƙali su yi shari'a da jaririya, a rubuta a jarida kowa ya karanta. Ya yi dariya, ya ce ba ya fatan ya zama shi za a aiko. Ban ce miki an gama har abada ba. Amma bana muna nan, baɗi ma muna nan, maruƙanmu za su fita kasuwa ta inda suka saba.

Yanzu ga abin da nake so. Orval da Hazel za su tashi a tsakiyar Yuni. Bai roƙa ba, kin san ba zai roƙa ba, amma sau biyu yana tambayata ko jarirai suna iya tafiyar jirgin ƙasa. Ki ce wa Delfina da zarar ta ji ƙarfi su taho, ko na mako ɗaya ne. Na wanke ɗakin gabas, na fitar da sirdunan da ke ciki. Zan zo tasha da a-kori-kura in ɗauke ku. Idan mun iso bakin babban titi zan tsaya in buɗe ƙyaure, Orval zai jira mu a wajen, a miƙa masa ita ya riƙe. Daga nan kuma sai mu nemi izini a wajenta, don ni da ke da shanunmu duka yanzu a kan ƙasarta muke wucewa.

Ki dawo gida, tsohuwa. Waken da nake dafawa ya ishe ni.

Mijinki mai jiran ku,
Nicanor Baca.